Kurakuran da samarinmu ke maimaitawa a doguwar tafiya da babur, daga tsaunin Kwahu zuwa filayen arewa

Da zarar Sallah ta matso, ko hutun Ista, sai zancen doguwar tafiya da babur ya tashi a majalisun shayi na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, unguwanninmu na Kumasi a ƙasar Ghana. Waɗannan za su hau Kwahu, waɗancan gandun dajin Mole da Larabanga, wasu kuma sun rantse sai sun taɓa Paga, can iyakar Burkina Faso. Ina son abin, domin ƙasar nan ta cancanci a gan ta a kan babur, ba ta tagar bas ba. Abin da ya ishe ni shi ne kowace shekara fuskoki ne kawai ke canzawa, kurakuran suna nan yadda suke. Babur ɗin da ya saba daga Aboabo zuwa kasuwar Kejetia, tafi ka tsaya, tafi ka tsaya, akwai abu biyu da bai taɓa haɗuwa da su ba: doguwar gangara da dogon miƙaƙƙen titi. Gangara tana dafa birki, miƙaƙƙen titi yana dafa inji, mahayin kuma yana dahuwa tare da su bai sani ba.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona min rai, wato sakin babur a firi a gangara. Yaro ya gama hawa, ya juyo zai sauko daga Obomeng ko Atibie zuwa Nkawkaw, ko daga Mampong zuwa Jamasi, ko daga Kuntanase zuwa Abono a bakin tafkin Bosomtwe, sai ya mayar da giya firi. Wani ma har makulli yake kashewa, wai yana tattalin mai. Wane mai? Idan ka saki totur kana cikin giya, abin da inji ke sha kaɗan ne ƙwarai, duk saukowar ba zai cika kofin ataya ba. A kan wannan ɗan man ne mutum ke jefar da birkinsa mafi ƙarfi, wato injin kansa. Inji yana cikin giya, totur a rufe, shi ke riƙe tayar baya yana hana babur ƙwacewa, kuma ba ya gajiya da wannan aikin. Ka cire shi, nauyinka da na babur da na kaya da na wanda ka goyo duk sun koma kan ɗan takalmin birki da bai kai tafin hannu ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Yawancin baburanmu, Boxer da Haojue da Apsonic da Royal, birkin baya na ganga ne, wasu har na gaba. Ka ɗora ƙafa a kansa ba ɗagawa na tsawon kilomita biyu ko uku, gangar ta yi zafi ta buɗe, ta yi nesa da takalmin, fuskar takalmin kuma ta ƙone ta yi santsi. Sai ka ji kana takawa har ƙasa babur bai san kana yi ba. Mai birkin faifai a gaba shi ma kada ya saki jiki. Man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma danshin Kumasi ba sai an faɗa ba. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. Ya tafasa ya zama tururi a cikin tiyo, hannun birki ya lotsa har ya taɓa totur, babu komai. A lokacin ne mutum ke firgita ya buga giya da ƙarfi babur yana gudu, tayar baya ta cije, babur ya juya gefe. Wanda ya kashe makulli kuwa ya ƙara wa kansa biyu: a yawancin waɗannan baburan fitilar gaba da inji take aiki, kuma famfon baƙin mai ya tsaya alhali ƙarafan giya suna ta juyawa.

Ni dokata ɗaya ce: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. In ta biyu ce ta kai ka sama, ta biyu ce za ta sauko da kai, kuma ka sa ta tun kana kan tudu, kafin babur ya ɗauki gudu. Inji zai yi ƙara, bar shi ya yi, aikinsa ke nan. Birki kuma a matse shi sosai na ɗan lokaci, gaba da baya tare, gudu ya ragu, a sake shi gaba ɗaya ya sha iska. Matsawa da saki, ba jan ƙafa a kai ba. A gama rage gudu babur yana tsaye a miƙe, kafin a shiga kwana. Masu tsoron birkin gaba, waɗanda aka koya musu a unguwa cewa shi ke kayar da mutum, su sani shi ke yin kaso mafi yawa na tsayar da babur, musamman a gangara inda nauyi ya koma gaba. Abin da ke kayarwa shi ne fizgarsa a tsakiyar kwana ko a kan tsakuwa. A matse shi a hankali da yatsu biyu, ana ƙarawa. Ka ji ƙauri, ko ka ji feda ta fara nisa, nemi fili ka tsaya minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kada ka zuba wa ganga ko faifai ruwa yana da zafi, zai lanƙwashe ko ya tsage. Kuma in babbar mota mai kaya tana bayanka a gangara, rabe ka ba ta hanya ta wuce, domin nata birkin ma dahuwa yake.

Kafin ranar tafiya, duba kibiyar da ke jikin hannun birkin ganga. In ka taka ta kai alamar, takalmin ya ƙare, ɗaure goro ba zai dawo da shi ba. Wasan feda ya zama milimita 20 zuwa 30. Man birkin da ya yi duhu, ko ya haura shekara biyu, a zubar a sa sabo daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. A kwanar da ba ka ganin gabanta, riƙe hannunka na dama ka yi hon, domin masu tasi da suka haddace hanyar suna yanke kwana. Idonka kuma ya tafi inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa rami ido, ramin zai nufa.

To, an sauka daga tsauni, an nufi arewa. Daga Kumasi zuwa Techiman kusan kilomita 120 ne, garuruwa a jere da tudun rage gudu ba sa barin kowa ya yi hauka. Bayan Kintampo ne kurmi ke janyewa, sama ta buɗe, kaɗanya da ɗorawa da suri su cika ido, titi ya miƙe har Buipe inda ake tsallake Baƙin Volta, sannan Yapei a kan Farin Volta. Wurin yana da kyau ƙwarai, kuma a nan ne injuna ke mutuwa. Yaro ya ga titi ba kowa, ya murɗe totur har ƙarshe, ya kwanta a kan tanki, ya riƙe haka awa guda. Haba ɗan'uwa! Injin 125 ko 150 iska ce kawai ke sanyaya shi, sai baƙin man da bai wuce lita ɗaya ba a cikinsa. A watan Maris da Afrilu zafin arewa yana kaiwa digiri 40, iskar da ake jira ta sanyaya inji ita kanta da zafinta take zuwa. Mai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, wani ya ƙone ya fita ta salansa, fistan ya kumbura a cikin silinda. Alamar farko ƙarfi ne zai ragu kamar ana jan ka ta baya, sai ƙara siririya daga kan inji. In ka ji haka, kama kuloc nan take ka gangara gefe, domin in fistan ya cije kana cikin giya tayar baya ce za ta kulle a kan titi.

Ni ba na wuce kashi uku cikin huɗu na totur a doguwar hanya. A kan 150 mai kaya, gudun 70 zuwa 80 ke nan, a kan 110 ko 125 kuwa 60 zuwa 65. Duk awa ɗaya da rabi a tsaya a inuwa minti goma, inji ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa. Baƙin mai a duba shi kowace safiya, babur a tsaye a kan jakin tsakiya a ƙasa mai daidai, kuma a riƙe rabin lita a jaka, irin wanda ke cikin injin. Na fi natsuwa da 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, domin kuloc ɗin babur a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi zamewa. Man da ake aunawa daga durom a bakin titi ba na kusantarsa. Araha ba ta ado.

Sannan ga wani aikin da nake gani kullum yana ba ni haushi: kai babur Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ana gobe tafiya, a kwance rabinsa, a ɗaure da magariba, a kama hanya da asuba. Duk goron da bakanike ya manta bai ɗaure ba, a dajin Buipe za ka gano shi. A yi gyara saura kwana uku ko huɗu, a hau babur a zaga kilomita hamsin, a dawo a duba ɗigon mai da goruna. Wanda kuma aka sa wa sabon ring da fistan a makon nan, tafiyar ba tasa ba ce. Injin yana bukatar aƙalla kilomita 500 na lallaɓawa kafin a nemi ƙarfinsa. Masu cire matatar iska ko huda ta wai babur ya ƙara gudu, da masu sa salansa mai ƙara ba tare da an daidaita kafireta ba, sun sa iska ta fi mai yawa a cikin inji, kuma hakan zafi yake ƙarawa. Kwance fulogi ka gani da idonka: bakinsa fari fat, inji yana ƙonewa, ruwan ƙasa shi ne daidai, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa ko matata ta toshe. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana toshe matata cikin kwana biyu, balle a jar hanya. Ta soso a wanke da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ta bushe, a shafa mata ɗan baƙin mai a sake matsewa. Ta takarda a kakkaɓe ta kawai, mai ba ya taɓa ta.

Lissafin lokaci ma yawanci na banza ake yi. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Sai mutum ya raba da 80 ya ce awa biyar, ya zauna cin waake har ƙarfe goma sha ɗaya. Ka sa shan mai, sallah, shingen 'yan sanda, kasuwar Techiman da hutun inji, abin da za ka samu a awa bai wuce kilomita 50 ba, wato awa takwas. Rana a ƙasar nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Tafiyar dare a kan wannan hanya da fitilar ƙaramin babur ganganci ne, ba jarumta ba. Tirelolin da ke ɗaukar kaya daga Tema zuwa Burkina Faso da Mali suna lalacewa a kan titi, alamarsu ganye ne da aka jera, wani lokacin ko shi babu. Ga shanu da tumaki, ga jakuna can wajen Walewale da Bolgatanga, ga tudun rage gudu da fentinsa ya goge, ga manyan bas masu kashe ido da fitila, ga 'yan fashi da ke son inda babu gari. A yi sallar asuba, gari na wayewa a tashi, ƙarfe huɗu na yamma a riga an san inda za a kwana. In la'asar ta same ka a Kintampo, kwana a Kintampo, da safe ma ka samu ka ga ruwan da ke zubowa daga dutse. Haka in ka tarar da hayaƙin gobarar daji ya rufe titi da rani, tsaya nesa har ya yaye. Ba ka ganin abin da ke cikinsa, mai tahowa ma ba ya ganin ka.

Mai kuma a cika tanki tun yana rabi, kada a jira rizab. Ka auna babur ɗinka da kanka: cika tanki, yi kilomita ɗari da kaya, sake cikawa, ka ga lita nawa ya sha. Mai zuwa Mole ya bar babban titi a mahaɗar Fufulso, ya cika a Damongo kafin Larabanga. In dole ta sa ka sayi na kwalba, tace shi da tsumma mai tsabta.

Kaya ana ɗaure su ba daidai ba. Ana tula komai a ƙarshen kariya, bayan tayar baya, gaban babur ya yi sakayau, tirela ta wuce iskarta ta kaɗa kan babur. Mai nauyi, wato kayan aiki da ruwa da mai, ya zauna ƙasa kuma kusa da bayanka, mara nauyi a sama. Jakar goyo mai nauyi a kafaɗa kafin Techiman ta gama da wuyanka. A ɗaure da robar tsohon tif, a cusa bakinta, domin duk abin da ke lilo sarƙa za ta kama shi. Wannan ya haɗa da jallabiya da gefen zane da mayafin wadda aka goyo, a tattare su kafin a tashi.

Iskar taya a auna ta da safe taya na da sanyi, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Adadin yana rubuce a littafin babur ko a jikin ƙarfen tayar baya, kuma akwai na mutum ɗaya akwai na goyo. Tayar da iskarta ta yi ƙasa zafi take yi a dogon titi har tif ya fashe. Dubi lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara biyar ko ta fara tsattsagewa, ko zanenta na nan, a canza. Sarƙa kuwa an fi ɓata ta da ɗaurewa. Wasanta ya zama milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, a sake dubawa mutum yana zaune a kai da kaya, domin nauyi yana ƙara miƙar da ita. Wadda aka ɗaure tamau tana cin haƙoran siparoket da boris, ƙarshe ta tsinke. Ni man giya mai lamba 90 nake ɗiga mata kowace yamma tana da ɗumi, bayan jar hanya kuma sai na wanke da kananzir tukuna. Makullin sarƙa, rufaffen bakinsa ya dubi inda sarƙar ke tafiya.

Abin da ba a barin gida babu shi: tif na gaba da na baya, faci da gam, ƙarafan cire taya biyu, famfon hannu, fulogi da sifanarsa, wayar kuloc, makullin sarƙa, fis, ƙwan fitila, sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da goron tayarka, filaya da sukudireba. Riƙe su bai wadatar ba. Cire tayar baya ka mayar sau ɗaya a ƙofar gida, ka ga inda ƙarfen birki da ƙananan zobba ke komawa.

Jiki kuma ana manta cewa shi ma inji ne mai zafi. Iskar hanya tana busar da gumi kafin ka ji shi, sai ciwon kai da nauyin ido su zo da azahar. Ledar ruwa ɗaya ta rabin lita duk awa, ko ba ka jin ƙishi. Fitsari ya yi ja, ka riga ka makara, sha ORS yadda aka rubuta a jikin ledarsa. Tuwon zafi mai nauyi a bar shi sai an sauka da yamma, da rana koko da ƙosai ko fura sun isa. Masu haɗiyar tiramol da lemon ƙara kuzari don kada su ji gajiya, ku ji tsoron Allah. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai aka kashe, kuma tiramol yana kawo farfaɗiya. A kan babur mai gudun 80, wannan ba ranka kaɗai ya shafa ba. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, addini ya yi wa matafiyi sauƙi ya sha ya rama, ga ƙasaru. Wanda ya fi son ya riƙe azuminsa ya taƙaita tafiyar yini ta ƙare kafin rana ta take.

Hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa. Gilashinta ya zama fari, baƙin gilashi da magariba makanta ne. Silifa ba takalmin tafiya ba ne, a sa wanda ya rufe idon sawu, da safar hannu, da riga mai kauri ko ana zafi. Sanyin asubar hunturu yana sandarar da yatsu, haka hazon Amedzofe in ka nufi tsaunukan Volta. Ruwan farko bayan rani shi ya fi santsi, domin yana taso da man da ya kwanta a titi, a fake rabin awa.

In ƙungiya ce, kada a jeru kafaɗa da kafaɗa ana hira, kada kuma a bi juna taya da taya. Wanda ya fi kowa sabunta ya bi bayan jagora, mai kayan gyara ya zo ƙarshe, kowa ya tabbata yana ganin na bayansa a madubi. A gangara a ninka tazara. Bidiyo da waya a hannu ɗaya ana tuƙi, a bari, a tsaya a ɗauka.

Takardu: lasin mai aji A, inshora, takardar lafiyar babur ta DVLA (hukumar lasin tuƙi da rajistar ababen hawa), katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana Card, lamba a jikin babur. In sunan wani ne a takardun, a gyara ko a riƙe shaidar saye tun a Kumasi. Mai niyyar tsallaka iyaka a Paga ya tanadi katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card da katin rigakafin shawara. MoMo, wato kuɗin da ake ajiyewa a waya, yana da amfani, amma akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, saboda haka a riƙe sidi ƙanana a raba su aljihu biyu. Lambar gaggawa 112 ce. Wanda ya zaɓi hanyar Mampong da Ejura da Atebubu don ya ga Salaga, tsohuwar kasuwar goron kakanninmu, ya sani jirgin fito ne zai tsallakar da shi daga Yeji zuwa Makango. Ya tambayi lokacin tashinsa tun ana gobe, ya isa bakin ruwa da wuri, kuma a cikin jirgin ya bar babur a giya ta ɗaya, a kan jakin gefe, yana tsaye kusa da shi.